Mai jirgin Ada Foah da ya kai Baba inda Volta ya ƙare

Tun ina yaro nake jin Baba yana cewa shi ɗan kogi ne. A tsohon garin Kete Krachi aka haife shi, a zangon Hausawa, kuma yana saurayi ruwan madatsar Akosombo ya fara taruwa a 1964 har ya shanye garin, da gidansu, da masallacinsu, da maƙabartar da kakansa yake kwance. Daga nan ya gangaro Akra ya zauna a Nima, ya yi aure, ya haife mu. Shekara 60 ke nan tsakaninsa da inda kogin Volta yake shiga teku bai wuce kilomita 100 da 'yan kai ba, amma bai taɓa zuwa ya gani ba. Shi ya sa a Disambar da ta wuce na ɗauke shi, da ɗiyata mai shekara 11, da ƙanena mai tuƙa tasi, muka je Ada Foah muka kwana ɗaya. Tun da muka dawo mutanen unguwa suke tambayata nawa muka kashe, wa ya kai mu, kuma ko ya dace a je da tsoho da yara. Ga amsar a rubuce, da mai daɗin da marar daɗin.

Ni tela ne, shagona yana kan hanyar da ta haɗa Nima da Mamobi. Wata 'yar Ada da nake yi wa ɗinki ce ta ba ni lambar mai jirgin. Ta ce ɗan garinsu ne, ba shi da kamfani, ba shi da allo, jirgi ɗaya gare shi na katako mai inji a baya. Ba zan sa sunansa ko lambarsa a nan ba tunda ban nemi izininsa ba. Mai so ya same ni a shago.

Kiran farko da na yi masa ne ya sa na ji hankalina ya kwanta da shi. Kafin mu yi maganar kuɗi sai ya tambaye ni, da Hausarsa ta wanda ya yi zaman Ashaiman: "Maigida, me kuke so ku gani?" Na ce teku. Ya ce ai teku ko a Labadi akwai ta. Yawancin masu zuwa daga Akra ran Asabar, in ji shi, tsibiri suke so a kai su, su ci su sha su saki kiɗa, kuma in haka muke so kowane lokaci ma ya yi. In kuwa tsuntsaye da namun ruwa muke nema, to kada mu yi sammako, mu iso ƙarfe uku na rana, don a ranar wajen la'asar ruwa zai janye. Teku tana cika ta janye sau biyu a kwana ɗaya, lokacin kuma yana matsawa gaba kullum da kusan minti 50. In ta janye taɓo yake fitowa, a kan taɓon tsuntsaye suke kiwo. Duk wanda ya je ruwa na cike zai biya kuɗi iri ɗaya ya dawo bai ga komai ba sai ruwa da bishiyoyin kwakwa. Muka yi ciniki a kan sidi 600, awa uku, mu huɗu.

Hanya ba sai na ja ta ba. Babbar hanyar Tema, sai cunkoson Dawhenya da ya ci mana kusan awa ɗaya, sai Sege, sai Kasseh inda ake karyawa dama a bar hanyar Aflao, a wuce Big Ada a shiga Ada Foah. Wanda ba shi da mota yana iya samun ta haya a tashar Tudu da ke Akra.

A bakin ruwa ne raina ya fara ɓaci. Mun isa uku saura, shi bai zo ba sai huɗu saura minti ashirin, ya ce neman mai ya je. Wannan na iya haƙuri da shi. Abin da ban iya haƙuri da shi ba shi ne rigunan ceto. Mu huɗu, da shi biyar, amma riga uku ce a jirgin, duka na manya, ɗaya ma maɗaurinta ya tsinke. Tun a waya na gaya masa akwai yarinya. Da aka sa mata rigar sai ta zo mata har gwiwa, kuma kowa ya san in mutum ya faɗa ruwa da irin wannan, rigar ce za ta taso ta bar shi a ƙasa. Ya ce kogin a kwance yake, shi kuma shekara da shekaru bai taɓa kifewa ba. Na ce masa ni ɗan Nima ne, babu wanda ya iya iyo a cikinmu sai Baba, shi ma rabonsa da shiga kogi tun zamanin Nkrumah. Na ƙi hawa ƙememe. Sai da ya je wajen wani mai jirgin ya aro ƙaramar riga ɗaya da babba ɗaya sannan muka tashi. Bai yi fushi ba, bai kuma ƙara mana kuɗi a kai ba, amma abu ne da bai kamata sai baƙo ya tayar da jijiyar wuya ba. Jirgin kuma babu rumfa. Hazon hunturu ne ya rage mana zafin rana. Da watan Maris ne da Baba ya sha wuya.

Daga nan kuwa, tsakani da Allah, mutumin ya san aikinsa.

Kogin a wurin yana da faɗi sosai, da tsibirai a warwatse, mutane na zaune a kansu da makarantunsu da majami'unsu. Ya nuna mana Pediatorkope da Alorkpem daga nesa. Ya ce akwai tsibirin da ake kai baƙi su ga yadda ake dafa giyar rake, amma ya san ba namu ba ne, ya wuce bai ma karkata ba. Muka tarar da masu nutso suna fito da ƙumbar ruwa, wadda mutanen wurin suke kira adode. Mutum yana ƙasan kogi, tiyo a bakinsa, injin hura iska yana ta ƙara a cikin kwalekwale, ɗan'uwansa yana jan buhu. Naman ne ake soyawa a tsire ana tallarsa a bakin hanya, ɓawon kuma tuli-tuli yake a gaɓa, ana saye a niƙa a zuba cikin abincin kaji ko a yi farar ƙasa da shi.

Can ya karya ya shiga wani siririn rafi tsakanin itatuwan nan da suke tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda 'yan boko ke kira mangurof, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Sai ya kashe inji. Ya ɗauki gora yana tura jirgin a hankali, ya ɗora yatsa a baki. Wannan kashe injin shi ne abin da muka biya kuɗi dominsa, don jirage biyu sun wuce mu a babban kogi da lasifika a kai, kuma na ga yadda tsuntsaye suke tashi tun jirgin bai iso ba. Mu da muka yi tsit, cikin minti biyar taɓon da muka ɗauka babu komai a kansa ya fara motsi. Ƙananan ƙaguwa ɗari-ɗari suka fito daga ramuka, namijin da hannu ɗaya ƙato ɗaya ɗan mitsitsi, yana ɗaga ƙaton yana saukewa kamar mai kiran wani. Ɗiyata ta kama hannun Baba tana raɗa: "Kaka, ga kifi yana tafiya a ƙasa!" Baba ya ce, "Amaryata, kifi ba ya tafiya." Ya sunkuya ya duba, ya yi salati. Kifi ne kuwa, bai fi tsawon yatsa da rabi ba, idanunsa a tsakar ka kamar na kwaɗo, yana dogara ƙegensa na gaba yana jan jiki a kan taɓo, in ya tsorata ya yi tsalle. Mai jirgin ya ce muddin jikinsa da danshi yana iya daɗewa a waje. A kan wani reshe kuma ga guza ta miƙe tana shan rana, ko gezau.

Yana da madubin hangen nesa guda ɗaya, tsoho, ido ɗaya ya yi hazo, da wani littafin tsuntsaye na Turanci da ruwa ya kumbura shafukansa. Ba ya karanta sunayen sosai, hoton yake buɗewa ya nuna maka, sannan ya nuna maka tsuntsun. Balbela da zalɓe da shirwa mun san su. Amma akwai wani zalɓe baƙi mai farin maƙogwaro da ban taɓa gani ba, da wani tsuntsu baƙi da fari mai jajayen ƙafafu dogaye kamar tsinke, da wani mai lanƙwasasshen baki da yake zura shi cikin ramin ƙaguwa ya zaro ta. Wanda ya fi burge ƙanena shi ne mai kamun kifin nan mai zanen baƙi da fari, da yake tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike, kansa a ƙasa, sannan ya faɗo ruwa kamar an jefa dutse. Sau huɗu ya faɗa a gabanmu, sau ɗaya ya fito da kifi.

Da muka fito wajen yashi sai ga wasu 'yan ƙananan tsuntsaye farare-farare suna bin igiyar ruwa da gudu in ta koma, suna gudowa in ta dawo, ƙafafunsu ba a ma ganinsu don sauri. Mai jirgin ya ce waɗannan baƙi ne irinmu. Daga can ƙarshen arewacin duniya suke zuwa, wajen Girinlan da makamantanta, inda suke yin ƙwai. Sanyi na kamawa sai su taso, su iso gaɓar Gana wajen Satumba, su koma wajen Afrilu. Tsuntsun da duka nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza ba. Saboda irinsu ne a 1992 aka sa wurare biyar na bakin tekun Gana cikin yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971: Muni da ke Winneba, bakin kogin Densu, Sakumono, Songor, da Keta. Songor shi ne na Ada, kuma a 2011 UNESCO ta ƙara sa shi cikin wuraren da take lura da su. Na ji kunya da na tuna sau nawa na wuce Sakumono a mota, ga shi nan kusa da Tema, ban taɓa juyawa na duba ba, har gine-gine suka ci gefensa.

Songor ɗin ce ta haɗa Baba da mai jirgin. Da aka ambaci sunan sai Baba ya gyara zama ya ce, "Ɗana, gishirin Ada daga nan yake fitowa?" Ya ce daga nan ne, tafkin yana yamma da garin, da rani ruwa yake ƙafewa a kwashe. Baba ya ce suna yara a Kete manya suna ba su labarin kwalekwalen mutanen Ada da suke hawo kogi maƙare da gishiri, a sauke a gaɓar Krachi, fatake su saya su yi arewa da shi, wajen Salaga da gaba. Ya ce kakansa daga Salaga ya koma Kete bayan yaƙin basasar 1892 da ya watsa kasuwar, kuma da goro da gishirin nan ya ci abinci har ya mutu. Mai jirgin ya saki gora ya ce nasa kakan yana cikin masu tura waɗannan jiragen, sati-sati suna hawa, in sun zo wajen duwatsu a sauke kaya a ɗauka a ka. Daga nan ya daina ce masa Alhaji, ya koma Baba. Ni da ƙanena muka yi shiru muna jin labarin da ba mu taɓa ji a gida ba.

Bakin kogin kansa, kusa da ƙauyen Azizanya, wani siririn yashi ne: hannun nan kogi a kwance lumui, hannun can teku tana ruri, taku kaɗan tsakaninsu. Mai jirgin bai yarda ya kusanci inda ruwayen biyu suke karo ba, ya ce nan ne jirage suke kifewa, ya ɗaure nesa muka taka. La'asar ta yi nisa. Na ɗauko ruwan leda don alwala, Baba ya ce in bari. Ya ce Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, shi kuma yau da ruwan da ya biyo ta kan garinsu zai yi. Ya tsuguna a gefen kogin, daidai inda yake ƙarewa, ya yi alwala a hankali, ya ɗanɗana ya ce da gishiri-gishiri. Ya ja mu salla a kan yashi. Bayan sallama ya daɗe yana addu'a, na ji yana kiran sunayen mutanen da ban sani ba. Mai jirgin ba Musulmi ba ne, awanninsa uku sun kusa cika, amma ya koma can gefe ya zauna, bai duba agogo ba, bai ta da inji ba sai da Baba ya shafa.

A hanyar komawa ya nuna mana jerin duwatsun da aka zuba cikin teku don tare zaizaya. Ya ce akwai gidaje da titi na tsohuwar Ada da yanzu suna cikin ruwa, kuma ƙauyuka irin su Totope har yau teku tana cin su. Da can kogi ne yake kawo yashi daga arewa yana zubawa a gaɓa. Da aka gama Akosombo a 1965, aka ƙara ta Kpong a 1982, yawancin yashin sai ya riƙa tsayawa a bayan madatsa, teku tana ɗiba babu mai mayarwa. Baba ya ce, "Ashe ku ma ta taɓa ku." Mutum kusan 80,000 aka tasa a sama lokacin da tafkin ya cika, yana cikinsu, bai taɓa sanin na ƙasa ma sun biya nasu ba.

Fitar dare ba aikin mai jirgin ba ne, kuma ya gaya mana haka tun farko. Hukumar kula da namun daji tana da ofis a Ada Foah, ma'aikatanta ne suke fita da baƙi ganin kififiyar teku lokacin da take hawowa yin ƙwai, wanda ya fi yawa daga Nuwamba zuwa Janairu. Shi ya haɗa mu da su, muka biya a ofis aka ba mu rasit, kuɗin bai kai na jirgi ba. Ma'aikacin ya faɗa mana gaskiya kafin mu biya: babu alkawari, akwai daren da ake yawo har asuba ba a ga ko ɗaya ba. Dokokinsa kuma ba ya wasa da su. Tufafi masu duhu, babu farar fitila, babu hasken waya, babu hayaniya, kowa a bayansa. Shi kaɗai ke riƙe da tocila mai jan haske, don farin haske yana sa uwar ta fasa ta koma ruwa, 'ya'yan kuma in sun ƙyanƙyashe hasken sararin teku suke bi, fitila tana juyar da su su yi tudu su mutu.

Mun fara tafiya ƙarfe tara, duhu sosai, wata bai fito ba sai tsakar dare. Tafiya cikin yashi ba ta tsoho ba ce. Ba a yi minti ashirin ba Baba ya gaji, muka zaunar da shi a kan wani kifaffen kwalekwale tare da ƙanena. Mai jirgin, wanda ba mu biya shi na dare ba, ya zo don kansa ya zauna da su. Mu muka ci gaba. Awa biyu babu komai sai ƙaguwa masu gudu da iska mai sanyi. Sai ma'aikacin ya tsaya ya haska ƙasa: wani sawu ya fito daga ruwa ya koma, faɗinsa ya kai hannayena biyu a buɗe, kamar tarakta ta bi wurin. Ya ce babbar ce, mai baƙin baya mai taushi kamar fata da doro bakwai a jere, wadda takan kai mita biyu ta haura kilo 300. Ta riga ta gama ta tafi. Ɗiyata ta kwanta a cikin sawun, ya fi tsawonta.

A dawowa, sha ɗaya da rabi ta wuce, mun fara fid da rai, ya ɗaga hannu. Wata ce ƙarama, irin mai launin toka-toka da kore, tana haƙa. Ya sa muka tsuguna nesa har sai da ta fara zuba ƙwai, don a lokacin ba ta cika kula da kowa ba, sannan ya matso da mu ta bayanta. Na kira ƙanena a waya, na rufe hasken da hula. Ba su da nisa, amma Baba ba zai iya sauri ba, sai ƙanena ya goya shi. Haka suka iso, tsoho mai shekara 78 a bayan autansa, mai jirgin yana riƙe da sandarsa da takalmansa.

Ramin ta haƙa shi da ƙafafun baya, ɗaya bayan ɗaya, bakinsa ƙarami cikinsa da faɗi kamar tulu. Ƙwan yana faɗowa biyu-biyu, uku-uku, fari, mulmulalle, da yauƙi, ɓawonsa da taushi shi ya sa ba ya fashewa. Tana sauke numfashi mai nauyi kamar mai naƙuda, ruwa yana zuba daga idonta. Ɗiyata ta ce kuka take yi. Ma'aikacin ya ce gishirin jikinta take fitarwa. Ya ƙirga 97. Ya zaro tef irin nawa na ɗinki ya auna bayanta, santimita 68, ya rubuta. Da ta gama ta tura yashi ta rufe, sai ta shiga buga ƙirjinta a kan wurin, dama da hagu, dim, dim, har muna jin ƙasa tana amsawa a ƙarƙashin gwiwoyinmu. Ta watsa yashi ko'ina don ɓad da sawu, ta juya ta ja jiki zuwa ruwa, igiya ta biyu ta ɗauke ta. Ya ce ƙwan zai yi wajen wata biyu, kuma zafin yashi ne yake yanke ko mata za su fi yawa ko maza. In ya yi zafi sosai, mata. In karnuka da aladun ƙauye ba su tone ba.

Akwai wasu samari uku daga Akra da aka haɗa mu da su. Ɗaya ya matsa yana so ya dafa bayanta a ɗauke shi hoto, wayarsa ta yi walƙiya sau ɗaya. Ma'aikacin ya tare gabansa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce in ya sake kowa zai koma masauki yanzu. Saurayin ya ce ai kuɗi ya biya. Ya ce masa kuɗin gani ya biya. Na ji daɗin wannan ƙwarai, kuma shi ya sa nake cewa kada kowa ya yarda wani ɗan bakin ruwa ya ce zai kai shi a rahusa ba tare da ma'aikatan ba. Baba ya tambaya ko ana cin ta, don a mazhabarmu ta Malikiyya abin teku halal ne. Mai jirgin ya ce su mutanen Ada ba sa ci, ba sa kashewa, al'adarsu ta hana tun kakanni, in ta faɗa taru sakinta ake yi. Ma'aikacin ya ƙara da cewa dokar ƙasa ma tun 1971 ta hana kamata ko ɗiban ƙwanta. Baba ya ce to abin da ya zo haihuwa ma wa zai ɗaga masa wuƙa.

Sai maganar kuɗi, inda na sake samun mai jirgin da laifi. Da safe da na je biyansa sai ya ce akwai sidi 80 na sauka a yashin bakin kogi, wai mutanen wurin suna karɓa. Mai yiwuwa gaskiya ne, amma ban ga ya ba kowa ba, babu takarda, kuma bai faɗa ba lokacin ciniki. Na biya, na kuma ƙara masa 100 don zaman daren da ya yi da Baba, amma na gaya masa a fuska cewa wannan ƙarin na bayan fage shi yake sa baƙo ya ƙi dawowa. Duk mai zuwa ya tambaya tun a waya: kuɗin nan ya haɗa da mai, da sauka, da jira? A sa shi ya maimaita a saƙon WhatsApp.

Masauki ɗaki biyu muka kama a wani ƙaramin gida cikin gari, da fanka da gidan sauro, ruwan famfo yana ɗan gishiri, ba yabo ba fallasa. Abinci banku da gasasshiyar karfasa da barkono, kifin daga kogin aka fito da shi a ranar. Baba ya ƙi taɓa adode, ƙanena ya cinye tsinke huɗu.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai wanda ba laifin mai jirgi ba ne. Da gari ya waye muka koma inda kififiyar ta yi ƙwai, sai na ga abin da duhu ya rufe mana: ledar ruwa, robobi, silifa ƙafa ɗaya, tsummokara, layi guda iya ganinka. Tsummokaran sun fi damuna don na san irinsu, ƙyallen da muke sharewa daga shago ne. Babbar kwatar Nima rafin Odaw take shiga, Odaw ta zuba a tafkin Korle, Korle ta zuba a teku, igiyar gaɓar nan kuma gabas take turawa, wato wajen Ada. Ma'aikacin ya riga ya gaya mana da dare cewa babbar kififiyar abincinta wata halitta ce mai taushi da take yawo a ruwa kamar farar leda, shi ya sa take haɗiye leda ta toshe mata ciki. Ɗiyata ta cika buhu ɗaya kafin mu tafi. Ni kuma tun da na dawo na hana yaran shagona zuba ƙyalle a kwata.

Wanda ya tambaye ni ko ya je, ina ce masa ya je, da wannan mutumin ko mai irin halinsa. A bar shi ya zaɓi lokaci bisa janyewar ruwa. A ga rigar ceto ta kowa da ido kafin a taka jirgi, ta yaro daban. In da hali a je ranar aiki, don Asabar masu kiɗa sun yi yawa. Tsoho zai iya jirgin ba wahala, tafiyar dare ce sai da mai taimaka masa. Yaron da bai iya yin shiru na minti goma ba a bar shi sai ya ƙara girma.

A Kasseh Baba ya sa aka tsaya ya sayi gishiri rabin buhu, ya raba wa tsofaffin Krachi uku da suka rage a masallacinmu. Bayan sati biyu mai jirgin ya turo mini hoton ƙananan rigunan ceto biyu sababbi a shimfiɗe cikin jirgin, ya ce in nuna wa Baba. Muna shirin komawa a Fabrairu ko za mu dace da fitowar 'ya'yan, Baba ya ce a ƙirga da shi. Rumfa dai har yanzu babu, mai zuwa ya tafi da malafa.